Katakon Baba Ila

Samarin yanzu in suka gan ni da jakata a bayan babur, sai su yi ta dariya wai ni ma ina da sana'a. A ganinsu aikina bai wuce a farke kwali, a cusa jar waya a jan rami, baƙa a baƙi, a danna maɓalli ba. Wani ma ya taɓa tsayawa a bakin shagona ya ce, "Baba, ai wannan ko ƙanwata ta iya." Na ce masa to Allah ya ba ƙanwar taka sa'a, amma ka kwatanta mini gidan tun yanzu, don na san za a neme ni. Kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara.

Ni Sani ne, mai haɗa kayan sauti a gidaje, a nan Gusau. A cikin kayan nan duka, ƙananan sifikun da ake ratayewa a bango ba su da rigima. Mai rigimar shi ne babban akwatin nan da ake ajiyewa a ƙasa, mai fitar da kaurin sauti, wanda in ganga ta buga kake jin ta a ƙirji. Wufa ake ce masa. Shi ya ci mini gwiwoyi, shi kuma ya kai ni gidan Hajiya Rabi, inda na yi aikin da nake tunawa duk ranar da aka raina sana'ar nan. Ita ba daɗin kiɗa ta kira ni in nema mata ba. Mahaifinta ne ya ɗaure kayansa zai koma ƙauye, a lokacin da mai hankali ba ya barin tsohonsa ya bi wannan hanya. Sai dai ba za ku gane abin da ya faru a ɗakin nan ba sai kun fara sanin halin wufa.

A wurin Malam Haruna mai gyaran rediyo na koyi aiki, a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa. Na daɗe ina shara da ɗumama ƙarfen dalma kafin ya bar ni in kwance ko da ƙusa ɗaya. Abin da ya fi so shi ne ya sa ni in juya wa teburi baya, ya kunna rediyon da aka kawo, ya ce in faɗi ciwonta. In na waiga sai ya ɗaka mini biro a ƙeya. Yakan ce ido na mai saye ne, mai gyara da kunne yake cin abinci. Daga rediyo muka koma kaset, daga kaset muka koma faifai, har aka zo zamanin da amarya ba ta tarewa sai da kayan sauti a ɗakinta. Malam Haruna bai ga wannan zamani sosai ba, Allah ya ji ƙansa, amma kunnen da ya bar mini shi nake ci da shi har yau.

Jakata ba ta da abin mamaki. Akwai testa, da filaya, da sukundireba babba da ƙarama, da salatif, da ƙarfen dalma. Abin da ke ba mutane dariya shi ne fallen tayil da nake naɗewa a tsumma, da guntayen tsohon silifas da na yayyanka. To waɗannan biyun sun fi sauran kayan duka fita aiki.

Wani jere da aka yi a Tsafe shi ya sa na fara yawo da tayil. Ango ya kira ni yana huci, wai an sayar masa da jabun kayan sauti, zai mayar. Na shiga ɗakin, na ga mata sun yi aikinsu tsaf: kafet mai gashi daga bango zuwa bango, ƙafa na nutsewa, kabet cike da tangaran, komai na ƙyalli. Na nemi wufa na rasa. Ashe shi ne wannan ɗan teburin da ke kusurwa, an lulluɓe shi da leshi har ƙasa, an ɗora masa tukunyar fulawar roba. Na yaye leshin, na ɗaga shi. Irin wanda sifikarsa ke ƙarƙashi ne, tana kallon ƙasa, ƙafafunsa kuma gajeru. Nauyinsa ya nutsar da ƙafafun cikin gashin kafet, bakinsa ya manne, ya zama kamar mutum yana magana da fuskarsa a cikin filo.

Na aika aka samo mini ragowar tayil a wurin magina, na sa masa a ƙarƙashi, na janye shi daga bango kamar taƙi ɗaya. Da na kunna, ango har da tsalle. Murnar ba ta je ko'ina ba sai kabet ta ɗauka, tangaran suka fara kakkaɓar juna. Gwaggon amarya ta faɗo ɗakin mayafi a hannu.

"Kai, kai! Wa ka son kashe muna kaya? Tun ba a kai ga buɗar kai ba?"

Na ba ta haƙuri, na cire silifas ɗina na yanka da reza, na sa guntu guntu tsakanin ƙafafun wufa da tayil. Tangaran suka yi shiru, ganga ta fito fes. Da takalmin aro na koma Gusau. Kafin in fita kuwa, ina waiwayowa na ga gwaggon ta mayar da leshinta da fulawarta. Tun ranar nake faɗa da mata kan rufe wufa, kuma ban taɓa yin nasara ba.

Abin da na ɗauko daga Tsafe ya zama dokata: wufa da iska zai yi magana, kada ka bari ya yi magana da ƙasa ko da kayan ɗaki. Ka ɗaga shi daga gashin kafet, ka raba shi da duk abin da zai iya girgizawa. Kada a rufe shi, kada a ɗora masa komai, kada kuma a zauna a kansa. Duk gidan da na shiga sai na karanta musu wannan kamar mai wa'azi.

Sai kuma rarrafe. Wannan shi ne abin da samari ba sa yarda su yi, saboda wando. Kaurin sauti ba ya cika ɗaki daidai. Wani wuri yana taruwa har ya dame ka, taku biyu gaba kuma ka neme shi ka rasa. Dabarar ita ce ka ɗora wufa a kan kujerar da mai gida yake zama, ka kunna, sannan ka durƙusa ka bi gefen bango da rarrafe, kunnenka kusa da ƙasa. Inda ka ji sautin ya fi daɗi, nan ne mazaunin wufa. Na taɓa yin haka a falon wani Alhaji a Bungudu, tsohon ma'aikacin gwamnati. Ya tsaya yana kallona ina shinshina kusurwoyi, fuskarsa na canzawa. Da na tsaya a bayan labule na ce, "Yauwa, ga shi nan," sai ya dafe ƙirji.

"Malam, hwaɗa min gaskiya. An bizne min wani abu na?"

Da ƙyar na fahimtar da shi cewa ni ba mai tono asiri ba ne. Duk da haka sai da ya sa aka ɗaga kafet ɗin wurin ya duba da idonsa.

Haka aka yi ta tafiya, aiki na zuwa daga Tsafe, daga Bilbis, daga Bungudu, har shekarar da hanyoyi suka lalace da 'yan bindiga. Ba sai na yi muku dogon bayani ba, kun san ta. Bikin ƙauye ya koma ɗaurin aure da fatiha kowa ya watse. Mutane suka yi ta kwararowa cikin gari, kuma wanda yake neman ɗakin da zai sa 'ya'yansa ba ya tambayar kuɗin wufa. Babur ɗina ya daina fita bayan gari. Na koma gyaran tocila da cajin waya, tayil ɗina yana kwance a jaka har na manta da nauyinsa. A cikin wannan shekarar ne Hajiya Rabi ta aiko a kira ni.

Hajiya Rabi 'yar kasuwa ce, atamfa take sayarwa, mace mai magana ɗaya. A tsakar gida ta tare ni, ko zama ban yi ba.

"Malam Sani, Baba na. Da ƙyat na ɗauko shi daga ƙauyenmu, can bayan Kekun Waje. Yanzu ya ɗaure kayanai, ya ce Juma'a in anka sauko masallaci gida za shi, ko da ƙasa na. Ka kuwa san yadda hanyar ga take. In ya tahi, ban san ko in sake ganinai ba."

Na ce to ni me zan yi, ni da ba direba ba, ba malami ba? Sai ta ba ni labari. Baba Ila makaɗin noma ne a zamaninsa. In an kira gayya shi ke gaba da gangarsa, kowane manomi yana da takensa, da ya ji an buga sai ya ƙara duƙawa. Tsufa ya zo ya toshe masa kunne gaba ɗaya. Ita kuma ta samo wani tsohon kaset na kiɗansa, ta sa aka juye a mimori, ta sayo kayan sauti mafi girma da ta gani, da tunanin in ya ji gangarsa ko kaɗan ne hankalinsa zai kwanta. Sun ƙure ƙara har maƙwabta sun aiko, shi kuwa ko gezau.

Muka shiga ɗakin. Tun daga bakin ƙofa na ga ƙunshin kayansa, an ɗaure da wani tsohon zane saƙi, sandarsa a kai. Ɗaki kuwa ta gyara shi iya gyara. Saboda ciwon gwiwarsa ta sa an shimfiɗa soso, sannan aka ɗora kafet mafi kauri da na taɓa takawa. Tsohon yana zaune a kan buzu, ya ba ƙofa baya. Na yi sallama, Hajiya ta yi, bai motsa ba sai da ta zagaya ta tsaya a gabansa. Ya zabura kaɗan, na ga abin ya ɓata masa rai. Ta nuna ni, ta nuna wufa, ta nuna kunne. Ya gane. Ya yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryarsa.

"Rabi, ɗiyata, ba ki yi min laihi ba. Abinci akwai, shimhiɗa akwai. Amma gidan ga ba ya motsi. Can gida, ko ban ji da kunne ba, in anka aza taɓarya ga turmi ina ji ga jikina. In shanu sun taho, ƙasa ka hwaɗa min. Nan kuwa mutum shi shigo shi hita ban sani ba, awa an aje ni cikin rumbu."

Na ji maganar, amma ban saurare ta ba. Idona yana kan wufa, wanda ya nutse a kafet har wuya, kuma hannuna yana ƙaiƙayi. Na ce wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, ciwon a bayyane yake. Na fito da tayil, na fito da silifas. Na roƙi Baba ya ɗan matsa, na ajiye wufa a mazauninsa, na bi bango da rarrafe. Ya bi ni da ido har na kai kusurwa ta biyu, sannan ya dubi 'yarsa.

"Mi yaron ga ya ɓatar?"

Ni da furfurata. Hajiya ta toshe baki da mayafi. Na dai samu wurin, na zaunar da wufa, na kunna. Ba yabon kai ba, ban taɓa fitar da ganga kamar ta ranar ba. Kana jin hannun makaɗin, kana jin ihun manoma can nesa. Hajiya ta ce tun tana yarinya rabon da ta ji ta haka. Muka juya wurin Baba gaba ɗaya. Yana zaune yana gyara zaren carbinsa.

Na ji kunya, na kuma ji tausayin matar nan, don na ga yadda fuskarta ta faɗi. Iyakar abin da na sani ke nan, na kuma yi shi daidai. Na fara mayar da kaya cikin jaka, ganga na ci gaba da bugawa don ba wanda ya tuna ya kashe.

Lokacin la'asar ya gabato, Baba ya yunƙura zai je alwala. Sandarsa na can kan ƙunshi, sai ya bi bango, da ya zo kusurwa ya dafa wufa don ya huta. Hannun bai tashi ba. Ya tsaya a duƙe, ya ɗora ɗayan hannun. Can sai ya juya a hankali ya zauna a kai, zama sosai, irin wanda nake hana kowa. Na buɗe baki, Hajiya ta ɗaga mini hannu.

Yatsunsa suka fara motsi a kan cinyarsa, daidai da gangar, ba kuskure ko ɗaya.

"Wagga gangata ta," ya ce. "Taken Magaji na, gayyar hwadama. Ku ji raggo, sai an kira shi sau biyu kahin shi duƙa!"

Ya yi dariya har da tari. Hajiya ta fita da sauri, na ji tana fyace hanci a tsakar gida. Ni kuwa a nan maganarsa ta ɗazu ta dawo mini. Mutumin da ya yi rayuwarsa da ganga rataye a haƙarƙarinsa, ba ta iska kaɗai yake jin ta ba. Ni na ɓata lokaci ina raba wufa da duk abin da zai girgiza, alhali girgizar ce kaɗai ta rage masa. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Ba zai yiwu ya dawwama a kan akwati ba. Bayansa ba zai ɗauka ba, akwatin ma haka. Na hau babur zuwa wurin wani kafinta abokina, na ce ya ba ni katako mai faɗi, tsawon ƙyaure, busasshe, mara nauyi sosai. Muka goge shi don kada ya soki tsoho. Na ɗauro shi a bayan babur, ina tafe mutane na kaucewa. Na shimfiɗa shi a kan kafet, na cire tayil, na cire silifas, na ɗora wufa a kai tsirara, na ɗaure ƙafafunsa da ƙusa mai murɗi don duk motsin da ya yi ya shiga katakon. A ɗaya gefen muka shimfiɗa buzun Baba.

Abin dariyar shi ne kafet ɗin nan, abokin gabana na shekara da shekaru, shi ya taimake ni. Da a kan siminti ne, da ƙasa ta riƙe katakon ko ya yi ta ƙara. A kan soso kuwa sai ya samu sararin rawa, kuma rawar ba ta wuce shi ta shiga bango. Na rage ƙara har ta koma yadda za a iya hira a ɗakin, maƙwabta suka huta. Baba ya zauna, ya miƙe ƙafafu, ya manna tafin hannu a katako. Ya kira taken wani, ya kira na wani, yana faɗin wanda ya rasu da wanda ya yi ƙaura. Da na yi masa alamar zan tafi, ko kallona bai yi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko na biya, wai zan duba ƙusoshi. Ƙarya nake, ƙusoshina ba sa kwancewa. Ƙunshin yana nan a bakin ƙofa, sanda a kai. Hajiya ta ce da safe ya ce mata akwai wani take a ƙarshen kaset da bai gama tuna mai shi ba, sai wata Juma'ar. Ta faɗa tana murmushi, amma na ga ba ta saki jiki ba. Ni ma ban saki ba, don mai ƙunshi a bakin ƙofa ba a ce ya zauna.

Aiki ya ɗan farfaɗo, na shiga sabgogina, sai bayan damina na sake komawa gidan, wata ƙaramar sifika ce ta daina magana. Na tsaya a ƙofar ɗakin Baba na yi sallama da baki kamar yadda na saba. Hajiya ta yi dariya daga bayana.

"Ba haka aka yi nan ba, Malam Sani. Taka katako."

Sai na lura an jawo katakon, bakinsa ya zo daidai ƙofa. Ta ce jikokinsa ne suka gano, in za su shiga sai su buga ƙafa a kai, shi kuma ya amsa. Yanzu duk gidan haka ake yi, har mai kawo nono. Yana zaune ya ba ƙofa baya kamar ranar farko, kiɗa a kashe. Na cire takalmi na hau, na yi taku biyu. Ina da ɗan ɗingishi tun wata faɗuwa da na yi da babur.

"Wa alaikumus salamu," ya ce, bai waiga ba. "Mai rarrahe na. Shigo, ƙahwar taka ba ta warke ba har yau?"

Na zauna muka gaisa da hannu da ka. Ina gyara wayar sifika na dubi bakin ƙofa, babu ƙunshi, sandar tana jingine kusa da buzunsa. Da na juya wurin wufa sai na ga an rufe samansa da zane, an bar gezar tana lilo a gefe. Tsohon zanen saƙin nan ne da ya ɗaure kayansa da shi, an wanke an goge. Hajiya ta ga inda nake kallo, ta san wa'azina, ta miƙa hannu za ta janye.

Na ce ta bar shi, a nan ya fi kyau.